Auren Tumatir a Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Manoman Lambu na Kano da Jigawa

Wanda ya san mangwaro ɗan aure ya riga ya san rabin wannan magana. Yadda ake ɗora reshen mangwaro mai zaƙi a kan tushen ɗan gargajiya, haka ake ɗora kan tumatirin da ake son 'ya'yansa a kan tushen wata shuka mai ƙarfin saiwa, sai dai shi tumatir ana yi masa auren ne tun yana ɗan tsiro, kaurinsa bai wuce na tsinken ashana ba. An shirya amsoshin nan ne domin manomin da kayan aikinsa ba su wuce reza da leda da inuwar zaure ba.

Mene ne ainihin auren tumatir, kuma daga ina aka samo shi?

Shuka biyu ake reno, a yanke kowacce tun tana ƙarama. Daga ɗaya a ɗauki kai, wato ɓangaren sama mai ganye wanda zai yi fure da 'ya'ya, daga ɗayar kuma a bar tushe da saiwarsa. Idan aka manna yankan biyu aka riƙe su da kyau, hanyoyin da ruwa da abinci suke bi a cikin kara sukan haɗe cikin kamar mako guda, daga nan sai tumatirin ya ci gaba da rayuwa da saiwar aro.

A wajenmu abin baƙo ne, amma a duniya ya kai kimanin shekara 100. Manoman Japan da Koriya ne suka fara a shekarun 1920, suna ɗora kankana a kan tushen dangin kabewa da duma domin guje wa cutar da ta zauna musu a ƙasa. Tumatir ya biyo baya a wajen shekarun 1960. Daga bisani cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan, wadda aka kafa a 1971, ta sauƙaƙa aikin yadda ƙaramin manomi zai iya yinsa da hannu, kuma manoman Biyetnam da dama sun rungume shi saboda cutar yaushi.

Wace matsala yake magancewa?

Matsalar da ke cikin ƙasa, ita kaɗai. A wannan gaɓar ya kamata manomi ya tsaya ya yi tunani kafin ya sayi ko da reza ɗaya, domin aure saiwa yake sauyawa, ba ganye ba.

Abu na farko shi ne cutar yaushi ta bakteriya, wadda masana suke kira Ralstonia. Tumatir yana tsaye kore shar, ya fara fure ko ya ɗauki 'ya'ya, sai a wayi gari ya yi yaushi alhali ƙasa da danshi, cikin 'yan kwanaki ya mutu ganyensa bai ko yi rawaya ba. Cutar tana son zafi da laima, tana daɗewa a ƙasa, kuma tana bin ruwan ban ruwa daga fangali zuwa fangali, don haka wanda ke ƙarshen magudana yakan gaji abin da ya taso daga gonar sama. Babu maganin feshin da ke warkar da shukar da ta kamu.

Na biyu su ne 'yan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ake kira nematod. Suna shiga saiwa su sa ta yi ƙullutu, shuka ta tsumbure, ta riƙa yaushi da rana ta miƙe da yamma. Sun fi yawa a ƙasa mai yashi, irin jigawar da ake maimaita tumatir da kuɓewa da tattasai a kanta shekara da shekaru. Na uku cutar Fusariyum ce, mai farawa da rawaya daga ganyen ƙasa, sau da yawa ta gefe ɗaya na shukar. Na huɗu kuma ba cuta ba ce, kwanciyar ruwa ce: saiwar tumatir ba ta jure kwana biyu ko uku a cikin ruwa, ita kuwa saiwar yalo tana jure fiye da haka, kuma wannan ne ya sa auren ya fi daraja ga mai son tumatirin damina.

Ta yaya zan gane wacce ce a gonata?

A tuge shukar da ta fara yaushi, ba wadda ta riga ta bushe ba, a wanke saiwarta. Idan an ga ƙullutu a jikin saiwa, nematod ne. Kada a rikita shi da 'yan ƙwayoyin da ake gani a saiwar gyaɗa da wake, waɗannan alheri ne, amma tumatir mai lafiya ba ya yin irinsu.

Idan saiwa ba ta da ƙullutu, a yanki guntun kara daga kusa da ƙasa, tsawon ɗan yatsa, a wanke shi, a tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau, a riƙe shi cik ba tare da girgizawa ba. Idan bakteriya ce, cikin 'yan mintoci za a ga wani farin abu yana sauka daga karan zare-zare, har ruwan ya fara dusashewa. Idan ruwa ya zauna garau, amma da aka tsaga karan aka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa, Fusariyum ya fi kusa. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, kuma shi ne zai nuna irin tushen da za a nema.

Zai kare ni daga Sharon?

A'a. Sharon, wato tsutsar da ta cinye gonakin Kano da Jigawa da Katsina a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar, ganye da 'ya'ya take ci, ba ruwanta da saiwa. Haka nan farin ƙuda da cutar nannaɗewar ganye da yake yaɗawa, da zubar fure a tsananin zafin bazara. Duk waɗannan tumatir ɗan aure yana fama da su daidai da wanda ba a aurar ba.

Wane tushe ya kamata in nema?

Ya danganta da abin da gwaji ya nuna. Ga cutar yaushi ta bakteriya da kwanciyar ruwa, tushen yalo ya fi, kuma waɗanda aka fi sani su ne EG203 da EG195 na cibiyar Taiwan, waɗanda suke jure nematod da Fusariyum ma. Akwai kuma wani tumatir mai suna Hawaii 7996 da ya shahara wajen jure cutar yaushi, amma tun da tumatir ne, ba ya jure kwanciyar ruwa kamar yalo. Wani alfanun waɗannan ukun shi ne ba haɗin kamfani ba ne, idan an samu iri sau ɗaya ana iya barin 'yan shuke-shuke su nuna a riƙa ajiye irinsu.

Akwai tushen kamfanoni irin su Maxifort da Beaufort, masu ƙarfin girma da jure Fusariyum da nematod. Abu biyu ya kamata a sani game da su. Ba sa jure cutar yaushi ta bakteriya. Sannan juriyar nematod da ke cikin yawancin irin tumatir tana raguwa idan zafin ƙasa ya daɗe sama da digiri 28, ƙasarmu kuwa tana wuce haka a bazara da farkon damina, musamman mai yashi. Wanda zai dogara da irin wannan tushe sai ya rufe gindin shuka da bambaron shinkafa domin ƙasa ta yi sanyi, ya kuma sa ido a kan gara.

Kafin a kai ga aure ma, yana da kyau a duba haruffan da ke jikin gwangwani ko ledar iri. Harafin F yana nufin irin yana jure Fusariyum, N kuma nematod. Shi ya sa ake ce wa wani irin Roma VF. Idan matsalar gona Fusariyum ce kawai, sauya iri ya fi aure sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Malam, ga gauta da yalo muna da su a gida. Ba za su yi ba?

Za su kama, domin dangi ɗaya ne da tumatir. Amma kamawa daban, kariya daban. Ba kowane yalo ne yake jure cutar yaushi ba, kuma da yawa daga cikin na gida nematod yana cinsu yadda yake cin tumatir. Hanyar ganewa ita ce a dasa layi ɗaya na kowane irin da ake da shi a daidai wurin da tumatir ya saba mutuwa, a bar shi ya yi kaka guda, sannan a tuge a duba saiwa. Wanda ya tsaya lafiya saiwarsa fes, shi ne za a ajiye irinsa. Wannan jinkirin kaka ɗaya ya fi a aurar da dubban tsiro a kan tushen da ba a san halinsa ba.

Tattasai da attaruhu ba sa karɓar tumatir da kyau, kada a ɓata lokaci a kansu. Dankalin Turawa yana karɓa, amma shi kansa cutar yaushi tana kashe shi, don haka babu riba.

Na ga zaƙami yana fitowa a juji ba ya ciwo, kuma an ce danginsu ɗaya. Zan iya amfani da shi?

Kada a kuskura. Zai iya kamawa, kuma a nan haɗarin yake. Gubar zaƙami a saiwa ake haɗa ta, sannan ta hau sama, don haka za ta shiga 'ya'yan da aka ɗora a kansa ba tare da kamanninsu sun sauya ba. An taɓa kwantar da mutane a asibiti a Amurka saboda cin tumatirin da aka aura a kan dangin zaƙami, haka ma a Japan saboda yalo. Taba ma haka take, nikotin daga saiwa yake tasowa. Duk ciyawar dajin da ba a cin 'ya'yanta, a bar ta a dajin.

Waɗanne kaya ake bukata?

Sabuwar reza, wadda za a karya biyu domin ta yi daɗin riƙewa, sifirit daga kemis na goge reza da yatsu, farar leda mai haske, buhun algarara, tiren reno ko ledojin fiyawata da aka huda gindinsu, da abin riƙe haɗin. Kamfanoni suna yin 'yan maƙalai na roba mai laushi masu faɗin milimita 1.5 zuwa 2. Inda babu su, robar bawul ta keke, wadda masu gyaran keke suke sayarwa, tana yin aikin: a yanka ta guntu-guntu, kowane kamar santimita 1, a wanke da sabulu, a tsoma a sifirit. Tiren da aka taɓa amfani da shi a jiƙa shi a ruwan bilic, kashi 1 da ruwa kashi 9, sannan a ɗauraye.

Mai shan taba ko mai murza ta ya wanke hannu da sabulu sosai kafin ya taɓa tsiro, domin akwai cutar ganye da take wucewa daga taba zuwa tumatir ta hannu da reza.

Yaya ake renon tsiron kafin aure?

Ba a ɗebo ƙasar reno daga gonar da ke da cutar, in ba haka ba an kai wa tsiron abin da ake gudu tun yana tire. A haɗa ƙasa mai kyau da yashi da taki ruɓaɓɓe, da ɓuntun shinkafa da aka babbaka in da hali, abin da ba ya wuya ga mutanen Kura da Hadejia. A jiƙa haɗin, a turara shi a rabin duro a kan wuta kamar rabin awa bayan tururi ya tashi, a bar shi ya huce. Kowane tushe ya samu raminsa ko ledarsa shi kaɗai, domin ba a son taɓa saiwarsa bayan aure.

Abin da ake nema shi ne kaurin kai da na tushe su zo daidai ranar yanka, milimita 1.5 zuwa 2, lokacin da tsiro yake da ganye na gaske 2 zuwa 3, abin da yakan ɗauki mako 2 zuwa 3 gwargwadon yanayi. Yalo ya fi tumatir jinkirin tsirowa, don haka ana riga shuka shi da 'yan kwanaki. Tun da tazarar tana sauyawa daga iri zuwa iri, dabarar da ta fi ita ce a shuka tushen sau ɗaya, a shuka tumatirin kashi uku, kwana biyu tsakanin kowane kashi, sai a zaɓi wanda ya zo daidai. A kuma ƙara kamar kashi 20 cikin 100 a kan adadin da ake bukata, domin ba duka ne za su kama ba.

Yaya ake yankan da haɗawar?

A shayar da tsiron tun jiya da yamma, kada a ba shi ruwa ranar aiki. Tushen da ya ƙoshi da ruwa yakan tunkuɗo ruwa ta bakin yanka, ya raba shi da kai. A yi aikin da asuba ko bayan la'asar sakaliya, a cikin ɗaki ko zaure inda babu rana kuma babu iska.

A fara da tushe. A yanke shi a karkace, kimanin digiri 45, wato tsaka-tsaki tsakanin tsaye da kwance, da jan reza sau ɗaya, ba a goga ta gaba da baya. A jefar da samansa nan take, domin idan ya gauraya da kawunan tumatir a kan tabarma, musamman in tushen ma tumatir ne, ba mai iya bambance su. Sannan a yanke kan tumatirin a daidai inda kaurinsa ya yi daidai da na tushen, da karkata iri ɗaya. Idan ganyensa ya yi yawa a rage, a bar na tsakiya da ɗaya ko biyu, domin ganye shi ne yake zubar da ruwan da kan ba shi da hanyar mayarwa. A zura robar rabi a kan tushe, a zura kan daga sama, a juya shi a hankali har fuskokin yankan biyu su kwanta a kan juna ba tare da giɓi ba. Kada yatsa ya taɓa fuskar yanka, kada kuma a yanke da yawa a ajiye. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, a goge reza da sifirit a kai a kai, a sauya ta da ta fara dakushewa.

Akwai saɓani a kan inda za a yanke tushe, ko a ƙasan ganye biyun da suka fito tare da tsiro ko a samansu. Yankan ƙasa yana hana tushen sake tofo, amma haɗin yakan zauna dab da ƙasa. A irin nomanmu, inda ake tura ƙasa gindin shuka kuma ruwa yake malala a fangali, yankan sama ya fi, ko da zai sa a riƙa bi ana cire tofo.

Idan tsiron ya wuce girma, ko kaurin bai zo daidai ba fa?

Sai a yi auren tsaga. A yanke tushe a kwance, a tsaga tsakiyarsa zurfin santimita 1 zuwa 1.5, a fiƙe gindin kan ta gefe biyu, a cusa a tsagar, a ɗaure da siririn zaren leda ba tare da shaƙewa ba. Idan kan ya fi siranta, a matsa shi gefe ɗaya domin bawonsa ya haɗu da bawon tushe ko da ta ɓangare guda.

Na yi yankan daidai amma duk sun mutu. Me ya jawo?

Galibi ba a wajen yanka ake faɗuwa ba, a wajen jinya ne. Kan da aka yanke ba shi da saiwa, kuma zai yi kwanaki kafin ya fara shan ruwa daga tushe. A tsakanin nan abin da zai raya shi shi ne iskar da ke kewaye da shi ta cika da laima, kashi 90 cikin 100 ko fiye, zafi kuma ya tsaya tsakanin digiri 22 da 30, babu rana ko kaɗan. A ƙasar da iskar hunturu take busar da wanki kafin a gama shanya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, don haka a haɗa ɗakin jinya tun kafin a ɗauki reza.

Ana iya yinsa da babban baho, ko akwatin katako, ko firam na gora da aka lulluɓe da farar leda ta ko'ina. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙasa, ko a zuba ruwa kaɗan, a ɗora tiren a kan bulo ko duwatsu yadda ba zai zauna cikin ruwan ba. A fesa ruwa a jikin ledar ta ciki, a shigar da tsiron, a rufe ruf, a yafa zana ko baƙin zane a sama. Wurin ajiyewa shi ne ɗakin ƙasa mai sanyi ko zauren da rana ba ta leƙawa. Ɗakin kwano da tsakar rana bai dace ba, kuma idan rana ta bugi ledar ko na ɗan lokaci ne, zafin ciki zai dafa tsiron. Lokacin zafi a yafa wani jiƙaƙƙen buhu ta waje a bar iska ta riƙa bugunsa. Hikimar da ke sanyaya ruwan randa ce, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya a kanta a Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Kwana 3 na farko a bar su a rufe cikin duhu, leƙawa kawai za a yi safe da yamma a tabbatar akwai raɓa a jikin ledar. Yaushin ranar farko ba abin tsoro ba ne. Daga kwana na 4 a janye zanen domin haske mai laushi ya shiga, a ɗaga gefen ledar kaɗan na ɗan lokaci da safe. Idan sun yi yaushi a mayar a rufe, gobe a sake gwadawa. Kullum a ƙara buɗewa, har wajen kwana na 7 ko na 8 a cire ledar gaba ɗaya a bar su a inuwar rumfa. Sai a ƙara musu mako guda ana saba musu da rana, ta safe tukuna, kafin a kai su gona.

Wuce gona da iri ma yana kisa. Idan aka bar su a rufe fiye da kima, za su yi tsawo su yi laushi, ruɓa ta kama su, kan kuma ya fara fitar da tasa saiwar a saman haɗin. Ba a kwara musu ruwa daga sama, domin nauyinsa yana goce haɗin, kuma ruwan da ya shiga yanka ruɓa yake kawowa. In ƙasar ta bushe, a ba ta ruwa ta ƙasan tire.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga shuka zuwa dashe a lissafa kamar mako 5, wato an ƙara mako 1 zuwa 2 a kan renon da aka saba. Mai son tumatirin damina zai yi auren ne a wajen Mayu ko Yuni, lokacin da zafi bai gama sauka ba, kuma wannan ne lokaci mafi wuya ga jinya. Saboda haka bai kamata ya zama ranar farko da mutum zai riƙe reza ba. A koya a watan Nuwamba, da irin tumatir mai araha, a yanke tsiro a mayar da kansa a kan tushensa, a yi ta yi har hannu ya faɗa kuma a gane halin ɗakin jinyar. A tsakiyar hunturu sanyin dare yana jinkirta haɗuwa, sai a ƙara kwana biyu ko uku.

Akwai wani bambanci wajen dashe?

Akwai, kuma a nan ne al'adarmu take cin karo da aure. Mun saba binne tumatir da zurfi, mu kuma tura masa ƙasa lokacin noma. Ɗan aure ba a yi masa haka. Dole haɗin ya zauna sama da ƙasa, aƙalla faɗin yatsu biyu, har ƙarshen rayuwar shukar, domin da zarar kan ya taɓa ƙasa zai fitar da saiwa, cutar ta shiga ta nan, wahalar mako 5 ta tashi a banza. A faɗa wa 'yan ƙwadago wannan tun kafin su shiga da fartanya.

Saboda wannan dalilin dole ne a kafa masa sanda a ɗaure. Irin tumatir UTC da Roma da muka saba bari su kwanta a ƙasa, idan 'yan aure ne rassansu ma za su yi saiwa inda suka taɓa danshi. A dasa a kan kunya mai tudu da yamma, a cire duk tofon da ya fito daga tushe. Robar takan tsage da kanta idan kara ya yi kauri. In ta wuce mako 3 tana shaƙe shi, a tsaga ta da reza a hankali.

Tumatirin da ke kan tushen yalo yana son danshi a kai a kai fiye da wanda ke kan saiwarsa. Idan ana bari ƙasa ta bushe ƙarau sannan a cika ta da ruwa, gindin 'ya'yan zai riƙa yin baƙi yana ruɓewa, kuma girmansu yakan ɗan ragu.

Tumatirin zai yi ɗacin gauta? Kuma idan na ajiye irinsa, zai gaji juriyar?

Ba zai yi ɗaci ba, tumatir ne yadda aka san shi. Irin da ke cikinsa ma na kan ne, bai ɗauki komai daga tushe ba, don haka kowace kaka sai an sake auren.

Malam, ni a cikin gida nake shuka, a buhu da tsofaffin bokitai. Ya dace da ni?

Hajiya, idan ƙasar da kike zubawa a buhun mai tsabta ce, kina sauya ta ko kina turara ta, ba lallai ne ki bukaci aure ba. Amma aikin kansa ya dace da cikin gida ƙwarai, domin a zaune ake yinsa a inuwa, natsuwa da saurin yatsa yake so ba ƙarfi ba, kuma jinyar tana bukatar mai leƙawa safe da yamma, abin da mai tafiya fadama tun asuba ba ya samu. Idan hannunki ya faɗa, kina iya renon dashe ɗan aure ga masu lambun da ƙasarsu ta gaji.

Ina da hekta biyu a yankin Kadawa. In aurar da duka?

A yi lissafi tukuna. Idan tazarar dashe santimita 60 ce da 50, hekta ɗaya tana cin tsiro sama da 33,000, kowanne kuma iri biyu ne, da roba, da yanka da hannu, da gurbi a ɗakin jinya, da sanda. A ɗora wannan a kan farashin kwando a kasuwar Kwanar Gafan a watan Fabarairu ko Maris, lokacin da tumatirin Kura da Bunkure da Garun Malam ya fito gaba ɗaya. Ga tumatirin rani a ƙasa mai lafiya, auren ba zai mayar da kuɗinsa ba, kuma ba na ba da shawararsa.

Inda yake da riba shi ne ƙaramin fili mai daraja: tumatirin damina da zai fito lokacin da kasuwa take nema, ko gidan leda inda ake maimaita tumatir a ƙasa ɗaya, ko irin kamfani mai tsada da ba a son rasa ko ɗaya, ko wani ɓangaren gona da gwaji ya nuna yana da cutar. A fara da ɗari biyu ko uku, a dasa su layi-layi kusa da waɗanda ba a aurar ba, iri ɗaya, rana ɗaya, gonar da kanta za ta ba da amsa. Sauran filin kuma a hutar da shi daga tumatir da danginsa, a sa dawa ko masara ko albasa. Shinkafar da ruwa yake kwanciya a kanta ma tana rage nematod.

Ina zan nemi irin tushe da ƙarin bayani?

A fara da malaman gona na KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa. Akwai kuma tashar cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Bagauda, da tashar binciken noman rani ta cibiyar IAR ta Samaru da ke Kadawa. Wanda zai je ya tafi da shukar da ta kamu, da saiwarta da ƙasarta a cikin leda, ya kuma faɗi sunan tushen da yake nema da cutar da yake son ya jure, domin idan ya ce irin yalo kawai yake so, na ci za a ba shi.